Numfashin Injin Jirgin Ruwa: Kafireto da Ma'aunin Iska da Fetur

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale mai inji a tafkin Kainji, ko a Doron Baga, ko kuwa a Yeji ta ƙasar Gana, ya san irin shirun da yakan sauko wa fasinjoji a lokacin da muryar inji ta sauya a tsakiyar ruwa. Ana cikin tafiya, jirgi cike da mutane da buhunan hatsi da kwandunan kifi, sai a ji injin ya yi tari sau ɗaya, ya sake yi, sannan ya ɗauke. Direban mota in haka ta same shi sai ya gangara gefen titi ya ɗaga bonet. Matuƙin jirgi ba shi da gefen titi. Da injin ake tura jirgi, da shi kuma ake karkata shi, saboda haka da zarar ya mutu sai iska ta juya jirgin ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, kuma ta nan ne ruwa ya fi saurin shiga. In hadari ya haɗo a daidai wannan lokaci, to, abin ya koma na addu'a.

Dalilan mutuwar inji suna da yawa, amma akwai guda wanda masu jiragen sufuri da masu jiragen tsere suka yi tarayya wajen fama da shi, watau ma'aunin da ake haɗa iska da fetur kafin a ƙona su. Wannan aiki ne na wata na'ura wadda a ƙananan injuna ba ta fi dunƙulen hannu girma ba, wadda kanikawa suke kira kafireto.

Wuta ma numfashi take yi

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa ƙwayoyin jikinsa suna haɗa sukarin gulukos da iskar oksijin su sami ƙarfi, su fitar da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Abin da inji yake yi ke nan, sai dai abincinsa fetur ne, wanda sinadaran kabon da haidirojin suka haɗu suka yi. Bambancin yana wajen garaje. Jiki yana ƙona abincinsa a hankali, mataki-mataki, a kan zafin digiri 37 na ma'aunin santigired. Inji kuwa a lokaci guda yake ƙona nasa, da harshen wutar da ya haura digiri 2,000.

Masana ilmin sinadarai sun lissafa cewa domin a ƙone giram ɗaya na fetur ƙurmus, ba tare da saura ba, ana bukatar giram 14.7 na iska. Wannan adadi yana kama da ƙarami har sai an mai da shi lita. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kimanin giram 740, ke nan tana bukatar iska mai nauyin kusan kilo 11, watau abin da ya tasam ma lita 9,000. Dalilin wannan yawa shi ne kashi 21 cikin ɗari kawai na iskar da ake shaƙa ne oksijin. Mafi yawan sauran naitirojin ne, wanda yake shiga inji ya fita kamar ɗan rakiya.

Malamin da yake da murhun Bunsen a ɗakin gwaje-gwaje zai iya nuna wannan cikin minti guda. In ya toshe kafar iska, harshen wuta zai yi rawaya, ya yi lanƙwasa, ya shafa wa gindin kwalba baƙi. In ya buɗe ta sai harshen ya koma shuɗi, ya tsaya cak, ya yi zafi. Wanda makarantarsu ba ta da iskar gas ya tuna da fitilar ƙwai: da an ɗaga lagwani fiye da kima sai hayaƙi ya turnuƙe ƙwan. Domin sauƙin bayani, za a ari sunayen da ake yi wa kunu. Haɗin da fetur ya yi yawa a cikinsa shi ne haɗi mai kauri, wanda iska ta rinjaya kuwa shi ne tsinkakke.

Abin lura a nan shi ne inji ba ya ba da iyakar ƙarfinsa a kan 14.7. Yana ba da shi ne in haɗin ya ɗan yi kauri, tsakanin kashi 12.5 da 13 na iska a kan kashi ɗaya na fetur. Dalili na farko, cakuɗar ba ta taɓa zama cikakkiya a ɗan lokacin da take da shi, saboda haka sai an ƙara fetur kafin kowane ɗigon oksijin ya sami abokin ƙonewa. Dalili na biyu ya fi muhimmanci ga mai jirgi: rarar fetur ɗin tana zama tururi, ta kwashe zafi daga kan fistin, kamar yadda gumi yake sanyaya fata ko tsattsafar randa take sanyaya ruwan cikinta.

Hawan tudun da ba ya ƙarewa

Motar da take tafiyar kilomita 100 cikin awa a kan shimfiɗaɗɗen titi sau da yawa ba ta amfani da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injinta. Tana da giya, tana samun gangara, direba yana ɗaga ƙafa daga totur. A irin wannan hali tsinkakken haɗi ba ya cutarwa, tsimin mai ma yake kawowa. Jirgin ruwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma farfela tana cikinsa kullum. In ana so a ninka saurin juyawarta sau biyu, ƙarfin da za ta nema zai ninka sau shida zuwa takwas. Injin jirgi kamar babbar mota ce mai lodi da take hawan tudun da ba shi da ƙarshe.

Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ya zama ruwan dare a koguna da tafkunan Afirka ta Yamma, an gina shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti in an buɗe totur gaba ɗaya, kuma a wannan hali yana iya shan abin da ya kusa lita 20 a awa. Inji ne mai taki biyu, watau kowane juyi guda sai an ta da wuta a kowace silinda. A kan juyi 5,000, fistin yana karɓar wuta sau 83 a daƙiƙa ɗaya. Manyan jiragen gudu na Amurka da Turai kuwa sukan ɗauki inji mai silinda takwas mai taki huɗu, irin mai cin lita 7.4, wanda a kan juyi 5,000 zai zuƙi iska lita 18,500 a minti in da silindojin za su cika maƙil. Neman gudu a kan ruwa ba sabon abu ba ne: tun a 1932 Gar Wood ya kai kilomita 200 cikin awa da jirginsa Miss America X, wanda aka ɗora wa injunan Packard guda huɗu. Ko ƙarami ko babba, inji mai aiki a irin wannan matsi ba ya yafe kuskuren ma'auni.

Abin da ke cikin kafireto

Kafireto ba shi da ƙwaƙwalwa, ba ya kuma amfani da lantarki. Ya dogara ne a kan wata ƙa'ida da Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738, wadda Giovanni Battista Venturi, mutumin Italiya, ya faɗaɗa a 1797: in iska ko ruwa ya bi ta wurin da bututu ya tsuke, saurinsa yana ƙaruwa, matsinsa kuma yana raguwa. Kafireto mai feshi irin wanda aka sani ya bayyana a 1893, shekarar da Wilhelm Maybach a Jamus da kuma Bánki da Csonka a Hangari suka fito da nasu.

Iskar da inji yake zuƙa tana bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. A gefensa akwai ɗan kofi mai riƙe da fetur, kuma wani siririn bututu ya taso daga kofin ya leƙo daidai wurin ƙuncin. Tun da matsin iska a wurin ƙuncin ya gaza wanda yake danne da fetur a kofi, sai fetur ya hau bututun ya fito a matsayin feshi. Wanda ya san famfon feshin maganin sauro irin na da ya riga ya ga wannan dabara. Ɗalibi ma zai iya gwadawa da tsinken shan lemo guda biyu: ya tsoma ɗaya a kofin ruwa, ya busa iska da ɗayan a kan bakinsa, zai ga ruwa ya hau ya fesu.

Yawan fetur ɗin da zai wuce yana hannun wata 'yar kafa da aka huda a jikin ƙaramin noti na tagulla, wadda ake kira jet. Akwai babban jet mai ciyar da inji a lokacin gudu, akwai kuma ƙarami mai ciyar da shi a lokacin da yake aiki a hankali, sa'ad da iska ba ta da saurin da za ta ja mai daga babban. Tsayin mai a cikin kofi kuwa wani abu mai yawo a kansa ne yake tsare shi, kamar gorar masunta, ana ce masa fulot. In mai ya kai iyaka sai ya tura wata allura ta toshe hanyar shigowa. Totur ɗan faifan ƙarfe ne mai buɗe maƙogwaro da rufe shi. Cok kuma wani faifan ne a bakin maƙogwaro, wanda ake rufewa da safe domin haɗi ya yi kauri ƙwarai, saboda fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi.

Manyan kafiretoci masu maƙogwaro huɗu, irin na kamfanin Holley, suna da ƙarin abubuwa biyu. Fetur ya fi iska nauyi kusan sau 600, don haka in aka buɗe totur farat ɗaya iska takan riga shi tashi, haɗi ya tsinke na ɗan lokaci, inji ya yi kamar zai shaƙe. Saboda haka aka sa ɗan famfo mai watsa mai a duk lokacin da aka danna totur. Akwai kuma wani bawul da yake buɗe ƙarin hanyar mai in nauyin aiki ya ƙaru. Kafireton jirgi yana kama da na mota, amma ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya musanya su ya sayi hatsari da kuɗinsa. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. A mota yakan zube ƙasa iska ta kwashe. A jirgin da injinsa yake ciki kuwa taruwa yake yi a ƙasan jirgi, kuma in ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi guda ya isa. Shi ya sa aka lanƙwasa bututun numfashin kofin kafireton jirgi, domin man da ya yi ambaliya ya zuba cikin maƙogwaro, aka kuma ɗora masa ragar ƙarfe mai kashe harshen wuta. Ƙa'idar da ake koya wa masu irin waɗannan jirage ita ce a kunna fankar ƙasan jirgi minti huɗu kafin a ta da inji.

Tsinkakken haɗi, mai kisan mummuƙe

Daga cikin kurakuran biyu, tsinkewa ce ta fi ɓarna, kuma ita ta fi yaudara. Injin da haɗinsa ya ɗan tsinke yakan yi murya mai daɗi, ya rage hayaƙi, ya rage shan mai, har mai shi ya yaba wa bakanike. A ciki kuwa zafi yana hauhawa. Fistin na alminiyam ne, wanda yake narkewa a kan digiri 660, kuma yana fara laushi tun kafin nan. In zafi da matsi suka wuce kima, sauran haɗin da harshen wuta bai riga ya isa gare shi ba yakan fashe da kansa, maimakon ya ƙone a jere. Wannan fashewa tana dukan kan fistin kamar guduma, tana kuma kore siririyar iskar da take kāre ƙarfe daga wuta. A mota direba yakan ji ta kamar tsakuwa a gwangwani, ya sassauta. A jirgi mai gudu, ƙarar iska da ruwa da salansa sukan binne ta. Mintoci kaɗan sun isa a huda fistin.

Ga inji mai taki biyu matsalar ninki biyu ce. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai a ƙasansa. Baƙin man ana zuba shi ne a cikin fetur, ya bi ta kafireto ya shafi boris da ringi da bangon silinda. Ke nan duk abin da ya rage fetur ya rage baƙin mai tare da shi. Fistin ya yi zafi ya kumbura, ga shi babu santsi, sai ya kama bangon silinda ya tsaya cak. Wannan ne kanikawa suke cewa inji ya buga. In injin yana da kafireto biyu ko uku, kowace silinda da nata, abin ya fi muni, domin jet ɗaya zai iya toshewa sauran silindojin su ci gaba da jan jirgi, su ɓoye ciwon 'yar'uwarsu har ta ƙone.

Ɗan lissafi zai nuna dalilin da ya sa datti kaɗan yake yin wannan aika-aika. Filin da'ira yana tafiya ne da faɗinta sau faɗinta. A ɗauki ƙaramin jet mai faɗin rabin milimita. In tsohon fetur ya bushe ya bar danƙo mai kaurin kashi ɗaya cikin ashirin na milimita a bangonsa, abin da ido ba zai gani ba, faɗin zai koma 0.4, filin kafar kuma ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Haka nan bakaniken da ya zura wayar ƙarfe a babban jet mai faɗin milimita 1.3 ya buɗa shi zuwa 1.4 ya ƙara masa fili da kashi 16 cikin ɗari, kuma babu hanyar mai da shi. Wannan al'ada ta zura waya ta yawaita, kuma ba ta da wata kariya. Jet jiƙa shi ake yi a maganin wanki, a busa shi da iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta cikinsa.

Akwai wani kuskuren da kyakkyawar niyya take jawowa. Yawancin waɗannan injuna suna son kashi ɗaya na baƙin mai a cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita a tanki mai lita 25, ko da yake wasu tsofaffi suna son ninkin haka. Littafin injin ne alƙali. Mai jirgi yakan ƙara baƙin mai da yawa domin tausayin injinsa. To amma jet ba ya bambance fetur da baƙin mai, abin da ya wuce kawai yake aunawa. Gurbin da baƙin mai ya cike an rage shi ne daga na fetur, sai haɗi ya ɗan tsinke, fulogi ya daskare da baƙi, gawayi ya taru a ringi. Nau'in man ma abin dubawa ne: wanda aka yi domin injin da ruwa yake sanyayawa yana ɗauke da alamar TC-W3, kuma baƙin man mota ba ya maye gurbinsa.

In ya yi kauri

Haɗi mai kauri ba ya ɓoye kansa. Inji yakan yi ɓurɓurwa, ya yi nauyin tashi, ya turo hayaƙi da warin ɗanyen fetur, fulogi ya jiƙe. Galibi laifin allurar fulot ce da ta cinye ko datti ya hana ta rufewa, ko fulot ɗin ya huje ya nutse, ko kuma cok ya maƙale. Ba ya kashe inji da sauri, aljihu yake ci. Sai dai akwai ɓarnar da ba ta bayyana a lissafin mai jirgi. In oksijin bai isa ba, kabon yakan tsaya a rabin hanya ya zama kabon-monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda take kama sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sama da sau 200. Ita ce mai kashe iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida. Fasinjan da ya zauna kusa da inji a jirgi mai rumfa ya sauka da ciwon kai da jiri, ba lalle ne rawar ruwa ta jawo masa ba.

Ruwan ma yana karɓar rabonsa, domin salansar injin tana fitar da hayaƙi a ƙarƙashinsa. Ko da saitinsa daidai ne, inji mai taki biyu mai kafireto yana iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mansa ba tare da ya ƙone ba, saboda ƙofar shiga da ta fita sukan kasance a buɗe tare na ɗan lokaci. Wannan shi ne shimfiɗar mai launin bakan gizo da ake gani a mashigar jirage. An daɗe ana zuba mai a kududdufi domin a shaƙe tsutsar sauro, kuma man inji ba ya zaɓen ƙwaron da zai shaƙe. Cikinsu har da waɗanda 'ya'yan karfasa da tarwaɗa suke ci. Saboda irin wannan gurɓatawa aka hana shiga tafkin Tahoe na Amurka da waɗannan injuna tun daga watan Yuni na 1999.

Bin sawun matsala

Gogaggen bakanike yana barin kafireto ya zama na ƙarshe a cikin waɗanda zai tuhuma, domin cututtuka da dama suna sanye da rigarsa. Tankin jirgi yana da 'yar kafar shan iska a murfinsa. In an manta ta a rufe, inji zai yi gudu na 'yan mintoci ya mutu. A jikin tiyon mai akwai ƙwallon roba da ake matsawa. In ya lotse ana cikin tafiya, hanyar ta toshe ta wajen tanki, in kuwa matsa shi yana farfaɗo da inji, to famfon mai ya gaji ko iska tana shiga ta wani tsage. Sai a duba tartsatsin fulogi, a auna matsin kowace silinda, wanda bai kamata ya bambanta da na sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sai a dubi ɗan ruwan da inji yake tsartarwa a baya. Leda ko kainuwa in suka toshe mashigar ruwan sanyaya, zafin da za a samu bai da bambanci da na tsinkewar haɗi. Farfela ma tana da laifinta. In ta fi ƙarfin inji, ko lodi ya wuce kima, inji ba zai kai juyin da aka tsara masa ba, kuma yin aiki da totur a buɗe alhali juyi yana ƙasa hanya ce ta kai tsaye zuwa fashewar da aka ambata.

In an wanke waɗannan duka, akwai gwaji mai sauƙi. A lokacin da inji yake nuna gazawa, sai a ɗan ja cok. In ya farfaɗo, yunwar mai yake ji. In ya ƙara shaƙewa, ba nan matsalar take ba. Inji mai taki biyu yana da wata alamar: in haɗinsa ya tsinke a ƙaramin gudu yakan yi atishawa ta bakin kafireto.

Saitin ƙaramin gudu a cikin ruwa ake yin sa, inji da ɗumi, giya a ciki, domin ruwan da yake danne bakin salansa yana sauya numfashin injin. Wanda aka saita a kan tudu yakan mutu da an sa shi a kogi. Ta da shi babu ruwa kuwa yana ƙona ɗan famfon robar da yake jawo ruwan sanyaya cikin ƙasa da minti guda. Ana murɗa kusar saiti a hankali har ta zauna, ba tare da an matse ba, a dawo da ita adadin juyin da littafi ya faɗa, sannan a riƙa motsa ta kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ana dakatawa daƙiƙa goma sha biyar a ji amsar inji. Inda ya fi daɗin murya, sai a ɗan koma ɓangaren kauri a tsaya.

Babban jet kuwa fulogi ne mai ba da shaida a kansa. Masu tsere sukan sa sabon fulogi, su yi gudu da totur a buɗe, su kashe inji farat ɗaya ba tare da sun bar shi ya sassauta ba, sannan su kwance su duba. Launin ƙasa-ƙasa kamar na gasasshen burodi alamar lafiya ce. Baƙi mai gawayi kauri ne. Fari fat, musamman in da ɗige-ɗigen ƙarfe a jiki, yana nufin fistin ya riga ya fara zubar da namansa. Kowace silinda a duba nata. Dokar da ba a karyawa ita ce a fara da jet mai girma a riƙa saukowa mataki ɗaya-ɗaya, ana sauya abu guda a kowane gwaji, ana rubutawa. Masu hali suna sa ma'aunin zafin hayaƙi, amma shi ma sai da hankali, domin zafin yana kai ƙololuwa a kusa da 14.7 ne ya sauka ta kowane gefe, saboda haka adadi guda yana iya nufin abu biyu.

Iskar yau ba ta jiya ba ce

Kafireto ba ya sanin nauyin iskar da take ratsa shi. Da asubahin hunturu zafi yana iya sauka zuwa digiri 15 a Yawuri, da azahar ɗin watan Afrilu kuma ya haura 40. Lita guda ta iska mai digiri 42 ta gaza mai digiri 15 nauyi da kusan kashi 9 cikin ɗari, abin da yake sauya haɗi da kimanin rabin wannan adadi. Ga jirgin sufuri da aka bar wa rara, wannan ba kome ba ne. Ga jirgin da aka saita a bakin iyaka lokacin bazara, sanyin hunturu yana iya tura shi cikin tsinkewa. Tudu ma haka: inji yana asarar kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Tafkin Chadi yana kan mita 280 ne daga doron teku, don haka bambancinsa da Legas kaɗan ne. Tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya kuwa yana kan mita 3,812, inda iska take da kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta. Injin da aka saita a kan 13 a bakin teku zai koma ƙasa da 11 a can, sai an rage masa jet. Hatsarin yana wajen dawowa: wanda ya sauko da ƙaramin jet ɗin zuwa bakin teku zai ƙona fistin.

Shi kansa fetur ɗin ba kullum yake zama abin da aka zata ba. Wanda aka gauraya da kalanzir, kamar yadda akan samu a hannun wasu 'yan bumburutu, ba ya jure matsi, yana saurin fashewa. Wanda aka haɗa da sinadarin etanol kashi 10 cikin ɗari yana son iska 14.1 ne maimakon 14.7, yana kuma tsotsar laima, har in ruwan ya kai kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari sai ya rabu ya kwanta a gindin tanki, daidai inda tiyo yake zuƙa. Metanol ya fi tsanani, domin iska 6.4 kawai yake bukata, kuma yana cin roba. A watan Fabrairu na 2022 hukumomin Nijeriya sun janye fetur daga kasuwa bayan an gano metanol ɗin cikinsa ya wuce ƙa'ida.

A ƙasashen da suka tsaurara dokar hayaƙi, na'urar fesa mai da kwamfuta take sarrafawa ta karɓe aikin kafireto, tana auna zafi da matsin iska tana gyara haɗi da kanta. Injin Evinrude, wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a 1909, an daina ƙera shi a 2020. Amma a bakin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi har yanzu kafireto ne mai mulki, saboda ana iya kwance shi da sukurudireba a kan tabarma a mayar kafin la'asar. Mai jirgin da zai ajiye injinsa fiye da wata guda ya kamata ya kwance 'yar kusar da ke gindin kofin kafireto ya tsiyaye man cikinsa a gwangwani. In ya ga wasu ɗigo suna birgima a ƙasan fetur ɗin kamar duwatsun ado, ruwa ne, kuma sai an wanke tankin gaba ɗaya kafin a sake shiga kogi.